Gidan Nagoda da Rijiyar Larai

A shekarun da jirgin ƙasa bai daɗe da fara tsayawa a Zariya ba, an yi wani mutum a Tudun Wada ana kiransa Nagoda mai jakuna. Unguwar a lokacin sabuwa ce, an yanka ta ne a bayan ganuwa don baƙin da suka zo neman abinci, Katsinawa da Barebari da Nufawa da duk wanda ba shi da gidan uba a cikin birni. Nagoda yana cikin na farkon zuwa. Jakunansa biyu ne, wani jan auraki ƙaƙƙarfa da wani baƙi tsoho. Da su yake kwaso auduga daga ƙauyuka zuwa gidan gurza, in ya juyo kuma ya ɗauko wa 'yan kasuwa gishiri da kananzir daga tasha.

Ba ɗa aka haife shi ba. A wani rinji, ƙauyen bayi, gabas da birni ya tashi, yana noma gonar ubangijinsa. Da zamani ya juya aka ce bawa na iya fansar kansa a gaban alƙali, sai aka yanka masa kuɗin fansa, ya shekara bakwai yana biya kaɗan-kaɗan. Duk kaka sai ya ƙulle abin da ya tara ya kai, a ƙirga a ce masa saura kaza. Ranar da ya kai na ƙarshe aka ba shi takarda, ya fito ya zauna a ƙasa a ƙofar gidan alƙali, murna ta hana shi sanin inda zai nufa.

Matarsa Larai gajeriya ce mai dariya da ƙarfi, tana sayar wa leburorin jirgi tuwo da miyar kuka a gindin wata ɗorawa a hanyar tasha. 'Yarsu guda ce, Rakiya, wadda aka aurar bara a Hanwa ga wani maƙeri mai suna Salmanu. Su biyun suna zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan Malam Kailani, wani falken goro mai arziki wanda gidansa ba ya rabuwa da baƙi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki a hannunsu, sai dai in huhunan goronsa sun iso tasha Nagoda ne mai ɗauko su. Lafiya lau suke zaune.

A ƙarƙashin gadonsu akwai wani ƙaramin tulu da aka binne, cikinsa sulalla ne da kwabbai. A bayan gadon kuma buhu uku ne na wuri, kuɗin da, wanda Nagoda ya fara tarawa tun kafin kuɗin Turawa su bi gari. Bai taɓa cewa ga abin da zai yi da su ba. Sanin suna nan kawai ya ishe shi.

Wata safiya da bazara yana ɗaura wa jakuna akumari, Larai tana tuƙa tuwo, sai ta ce masa yarinyar nan ta Hanwa tana da juna biyu. Ba ta kama sunanta ba, da yake 'yar fari ce. Nagoda ya tsaya da igiya a hannu yana murmushi, ya ce Allah ya raba lafiya. Larai ta ce amin, amma akwai magana a gaba. Ciki na fari a gaban iyaye ake haifarsa, nan da wata uku za a kawo ta.

Ta ce, "Malam, a ina za ta yi wankan jego? A tsakar gidan nan da fatake ke shiga suna fita? In dangin mijinta sun zo barka, a bakin turken jakuna za mu shimfiɗa musu tabarma?"

Ranar ko'ina Nagoda ya bi da jakunansa idonsa na kan gidajen mutane.

Maganar ba ta kwana biyu ba ta kai kunnen Malam Kailani, ya kira Nagoda zaure. Ya ce yana da wani gida can wajen masallaci da ya gina don ƙaninsa, ƙanin kuwa ya zaɓi zaman Kano. Suka tafi tare suka duba. Gida ne na gani na faɗa, soro biyu da zaure mai rufin azara, har da ƙofar katako mai sakata. Kailani ya ce fam ashirin ne, amma ba sai an biya lokaci guda ba. Nagoda ya ba da shida yanzu, ragowar ya riƙa kawowa duk kaka har shekara biyar, ba ƙarin ko anini. Ya kuma ba shi shawara irin ta ɗan kasuwa, ya ce bai kamata mutum ya juye duk abin da ya mallaka a wuri guda ba. Ciwo yana zuwa, jaki yana mutuwa, ga haraji duk shekara. Wanda ya bar wani abu a hannu shi ke barci da daɗi.

Nagoda ya shafa bangon zauren, sumul kamar cikin ƙwarya. Gidan ya shiga ransa, ba ƙarya. Larai ma da aka kai ta da yamma ta leƙa sorayen, tun kafin su fito ta gama tsara inda za ta jera ƙorenta.

Ana cikin haka sai ga wani labari. Akwai wani tsoho malami a ƙarshen unguwa, Malam Yero, wanda ya yi niyyar tafiya Makka a ƙasa, shi da matarsa, tare da wani ayari da zai tashi kafin ruwa ya sauka. Yana neman mai sayen gidansa, fam takwas, amma a dunƙule, don wanda ya kama wannan hanya bai san ranar dawowa ba. A lokacin ba ƙasa ake sayarwa ba, ginin da ke kai ake saye, da sanin mai unguwa.

Gidan Malam Yero ba abin nunawa ba ne. Ɗakuna biyu ne na ciyawa da ɗan zaure, katangar yamma ta zube har awakin maƙwabta sun mai da wurin hanya. Larai ta shiga tana taɓe baki. Sai ta hangi rijiya a kusurwa, kusa da wani icen lemun tsami. Ta ɗauki guga ta zura, ta jawo, ta kurɓa, ta sake kurɓa. Shekara shida ke nan tana sayen ruwan tuwonta tulu-tulu a hannun masu ja daga nesa, ta kuma san abin da yake ci mata a wata. A hanyar komawa ba ta ƙara yin zancen soraye ba.

Kwana uku Nagoda yana juya maganar. Rana ta uku ya tafi ɗauko kaya wajen Dutsen Abba, hanya ce mai tsawo, ba abokin hira sai jakuna. Ya auna maganar Kailani ya ga gaskiya ce tsantsa. In ya sayi gidan Malam Yero, tulu zai koma fanko, buhuna su koma fanko, ko zazzaɓin mako guda ya kwantar da shi sai sun ji a jikinsu. Sai kuma ya tuna yadda kaka take zuwa masa a shekarun fansa. Kowa na murnar sabon hatsi, shi yana lissafin abin da zai kai da abin da za a ce ya saura. Kailani ba ubangijinsa ba ne, mutumin kirki ne, ya sani ko shekara ta ƙi ba zai tsananta masa ba. Amma ya ga cewa gaisuwar da yake yi masa yanzu gaisuwa ce kawai, in kuwa ya karɓi gidan, duk sanda ya durƙusa gaishe shi sai ya ji kamar lokaci yake roƙo.

Da ya dawo ya sauke kaya, ya samu Larai tana wanke tukwane, ya ce mata ya yanke shawara, ƙaramin gidan yake so, a biya a tashi. Ya zaci za a yi gardama. Sai ta ce ai ita tun shekaranjiya ta sa dillaliya ta nemo mai sayen awakinta biyu da tasoshin da uwarta ta bar mata, don ta san abin da ke cikin tulu ba zai kai ba. Ta ce amma da sharaɗi, kuma ba yanzu za ta faɗa ba, sai a gaban shaidu.

Zuwa wajen Kailani ne ya fi yi wa Nagoda nauyi. Ya zauna yana ta kewaye-kewaye, har Kailani ya gane ya yi dariya. Ya ce shi dai in shi ne ba haka zai yi ba, amma kowa ya san inda jikinsa ke masa ciwo, kuma ranar ciniki a kira shi ya zama shaida.

Nagoda da Larai suka haƙo tulu suka ƙirga, fam biyar da sule goma sha biyu. Kuɗin awaki da tasoshi suka kama sule goma sha takwas. Nagoda ya lissafa cewa wurin nan buhu uku zai ba da fam ɗaya da rabi, ke nan takwas sun cika cif. Ya ɗora buhunan a kan auraki ya kai wa masu canji a kasuwa. Mai canji na farko ya ce wuri ya faɗi warwas, haraji ma yanzu da sule ake karɓa, in ba mata masu sayen daddawa ba babu mai nemansa. Ya zagaya wajen mutum uku, duk bakinsu ɗaya. Rabin abin da ya sa rai aka ba shi. Ya dawo yana jan jaki, yana jin haushin shekarun da ya yi yana kwana kusa da dukiyar da ke narkewa bai sani ba.

Duk da haka ranar Alhamis suka hallara a zauren Malam Yero, da mai unguwa Sabo da Malam Kailani. Larai da matar malamin suna daga ciki, bayan asabari. Aka shimfiɗa buzu, Nagoda ya juye kuɗin, mai unguwa ya jera su kashi-kashi. Fam bakwai da sule biyar. Nagoda ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya same shi a wajen canji.

Kailani ya sa hannu a aljihu ya ce sule goma sha biyar ba abin da zai hana ciniki ba ne, zai cika, a biya shi in an samu. Nagoda ya yi masa godiya ƙwarai, ya ce amma a yi masa haƙuri, in da saura to bai saya ba ke nan. Malam Yero ya ce shi da zai iya yafewa da ya yafe, sai dai guzurin hanyar shekara biyu ne, kuma har yanzu bai sayi abin da zai ɗauki littattafansa da matarsa ba. Yana faɗin haka sai auraki, wanda ke ɗaure a ƙofar zaure, ya dage ya yi kuka.

Kowa ya juya ya dubi ƙofa. Malam Yero ya tashi ya fita, ya buɗe bakin jakin ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya danna gadon baya. Ya dawo ya zauna ya ce in Nagoda ya yarda, wannan ya cika kuɗin har da ɗoriya. Auraki shi ne rabin sana'ar Nagoda, shi ne mai ɗaukar kaya mai nauyi. Ya dubi kuɗin da ke kan buzu, ya leƙa ta ƙofa ya hangi icen lemun tsami.

Ya ce, "Na yarda, Malam. Ga shi jakina zai riga ni ganin Makka."

Zaure ya ɗauki dariya. Mai unguwa ya ɗaga hannu zai sa albarka, sai muryar Larai ta fito daga bayan asabari, ta ce a gafarce ta, tana da magana. Ta ce sule goma sha takwas na ciki nata ne, ba ta kuma neman a mayar mata. Abin da take so shaidu su ji shi ne, gida na mijinta ne, amma rijiya tata ce.

Mai unguwa ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an raba gida da rijiyarsa ba. Malam Yero, yana dariya har hawaye, ya ce babu littafin da ya hana. Aka tambayi Nagoda, ya ce ya amince, muddin za a riƙa ba shi ruwan alwala kyauta. Larai ta ce wannan za a duba. A haka aka shafa fatiha.

Bayan kwana tara ayari ya tashi. Nagoda ya raka su har bayan gari, ya shafa wuyan auraki, ya gaya wa Malam Yero cewa ba ya son a doke shi a kunne, kuma in ya ga ruwa mai gudu sai an rufe masa ido kafin ya tsallaka. Daga can bai koma gidan Kailani ba, gidansa ya nufa. Ya shiga zaure ya zauna shi kaɗai, ya tashi ya zaga ɗakunan, ya dawo ya sake zama. Da Larai ta iso da kayansu a kan baƙin jakin, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama da ƙarfi kamar baƙuwa, ta ce ko maigidan yana ciki. Sai da ta maimaita sau biyu kafin ya iya amsawa.

Makonnin farko sun sha wuya. Tsohon jakin ya yi targaɗe a hanyar tasha, ya kwana goma ba ya taka ƙafar. Nagoda ya koma ɗaukar gishiri a ka, yana dawowa wuyansa a sanƙare. A gida miya ba nama, ba man shanu, wani lokaci ragowar tuwon sayarwa ake ɗumamawa. Ya tuna maganar Kailani fiye da sau ɗaya. Amma Larai ta daina sayen ruwa, matan maƙwabta kuma suka fara zuwa ja a rijiyarta, ba ta karɓar kuɗi, sai dai wannan ta kawo ɗan barkono, waccan ta kawo itace. Da haka aka lallaɓa har jakin ya miƙe.

Katanga ce ta rage, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga ba kuɗin magina. Larai ta faɗa wa masu cin tuwonta, Nagoda ya faɗa wa 'yan'uwansa masu jakuna. Ranar Lahadi, da yake ba aikin jirgi, mutum wajen ashirin suka cika gidan tun hantsi. Masu jakuna suka yi ta jigilar jar ƙasa, leburori suka naɗe wanduna suka shiga kwaɓa, ana ja musu ruwa daga rijiya. Wani Babarbare cikinsu ya kifa ƙwarya a ruwa ya kama kiɗa, masu taka ƙasa suka mai da aikin rawa, har wani ƙato ya zame ya zauna daɓas a cikin kwaɓin aka yi ta yi masa tsiya. Da azahar sai ga dami takwas na sabuwar ciyawa daga Malam Kailani, da saƙon cewa a sake rufin ɗakin mai jego. Lahadi uku aka yi ana haka, katanga ta tashi. Ruwan farko ya sauka kwana biyar bayan an gama, ko ɗigo bai shiga ɗaki ba.

Aka kawo Rakiya da damina ta kankama. Ta shiga tana dube-dube, ta tambayi uwarta ko nan ɗin na wane ne suka ara. Da aka gaya mata sai ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da mayafi, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Ta haihu lafiya ana tsakiyar noman biyu, 'ya mace. Ran suna dangin Salmanu suka zo daga Hanwa da rago da goro, aka raɗa wa jaririya Sakinatu. Nagoda ya zauna a zaurensa cikin rigarsa guda ta fita, yana karɓar barka, yana nuna wa baƙi inda za su zauna. Larai kuwa kwana arba'in tana dafa ruwan wanka a babbar tukunya, tana gaya wa duk wadda ta shigo cewa ruwan na rijiyarta ne.

Bayan kaka aka aiko malamin ƙidaya ya bi unguwa gida-gida tare da mai unguwa Sabo, yana rubuta sunayen masu gidaje saboda haraji. Ranar ba wanda ya saki fuska a Tudun Wada. Wasu suka ce maigida ya yi tafiya, wasu suka amsa daga ciki da ƙyar. Da suka iso ƙarshen unguwa sai suka tarar da Nagoda ya share ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ruwan sanyi da lemun tsami a akushi. A duk shekarun baya a ƙarƙashin sunan wani ake lissafa shi, da can cikin mutanen rinji, daga baya cikin mutanen gidan Kailani.

Malamin ya zauna ya buɗe littafi, ya tsoma alƙalami, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Gidan wa?"

Nagoda ya gyara zama ya ce, "Gidan Nagoda."

Malamin ya rubuta. Nagoda ya matso ya roƙe shi ya nuna masa wurin, aka ɗora masa yatsa a kan layin. Bai iya karatu ba, amma ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ko malam zai taimaka ya karanta masa da ƙarfi. Malamin ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya ce ya karanta masa kawai, in ba haka ba yau ba za su bar nan ba. Ya karanta. Nagoda ya ce daidai ne, ya cika masa aljihu da lemun tsami, ya raka su har gida na gaba yana taya su sallama.